Ranar Da Muka Zama 'Yan Hanya

  

Abin da za mu ba ku labarinsa a wannan fitowa ya same mu ne a ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2018. Mun daɗe muna jin nauyin rubuta shi, domin kuwa akwai abin kunyarmu a cikinsa. Amma ganin yadda 'ya'yan zango suke ta kai da komowa tsakanin Gana da Togo da Benin da Nijar da Nijeriya, da kuma yadda zukata suke ƙara ƙeƙashewa ga baƙon da ya miƙe a masallaci yana neman taimako, sai muka ga ɓoye shi ya fi faɗarsa illa.

Mun tashi ne a gidan liman a Zangon Kumasi, kuma duk wanda ya san irin wannan gida ya san zaurensa ba ya rabuwa da baƙo. Akwai tabarma biyu da buta da ba na kowa ba ne a gidan, akwai kuma kwano guda da mahaifiyarmu take cikawa kullum da dare bayan ta raba tuwon gida, ta rufe shi da faifai ta ajiye, ko an yi baƙo ko ba a yi ba. Sau da yawa bayan sallar isha'i wani zai miƙe daga sahun baya ya yi sallama, ya ce shi mutumin Tawa ne, ko Bawku, ko Sakkwato, an yanke masa aljihu a Kejetia, ko kuwa ya sauka a Alabar ya nemi jakarsa ya rasa. Sai mahaifinmu ya sa a shimfiɗa rawani a bakin ƙofa kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, a kai baƙo zaure, da safe a raka shi tasha.

Muna yara ba mu ga komai a cikin wannan ba. Da muka girma muka shiga sakandare, sai muka fara ɗaukar kanmu masu wayo, muna ganin tsofaffi ana cutarsu ne saboda sanyin halinsu. Wata rana kuwa muka sami hujja. Wani mutum da ya kwana biyu a zaurenmu, aka haɗa masa kuɗin mota zuwa garinsu, bayan mako uku muka gan shi da idonmu a wani masallaci a Tafo yana ba da labarin nan dai da ya ba mu, bai ko canza sunan tashar ba. Muka dawo gida da zumuɗi muka faɗa wa mahaifinmu, muna jiran ya ce daga yau an rufe wannan ƙofa.

Bai ce komai ba sai da ya gama lazimi. Sannan ya sa aka ɗauko masa Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda littafinsa ya zama madogarar malaman Malikiyya a ƙasashenmu, ya buɗe babin zakka. Ya tuna mana cewa aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, na ƙarshensu shi ne ɗan hanya, wato matafiyin da guzurinsa ya yanke. Ya ce Halilu ya kafa masa sharuɗɗa: ya zama yana bukatar abin da zai kai shi garinsu, tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, kuma idan mai hali ne a garinsu, to ya zama bai sami wanda zai ba shi rance ba. Sai ya ɗora yatsa a kan wata kalma guda ya ce mu duba da kyau, domin a nan malamin ya ce ana gaskata shi a kan abin da ya faɗa, tunda baƙo ba shi da inda zai samo shaidu. Idan kuma aka ba shi ya ƙi tafiya ya zauna, ana iya karɓe abin da aka ba shi.

Ya rufe littafi ya ce, "Wanda kuka gani a Tafo, idan ya dawo nan ku tambaye shi kuɗin jama'a, wannan hakkinku ne. Amma wanda zai zo gobe bai yi muku ƙarya ba tukuna." Muka ce to, muka tashi, alhali a zuci ba mu yarda ba. Tun daga ranar, duk baƙon da ya miƙe a masallaci, mukan haɗa ido da abokanmu mu yi murmushi, wani lokaci har mu ce a hankali, "An fara."

A shekarar da muka ambata aka yi rasuwar ƙanen kakanmu a Maraɗi, mahaifinmu kuwa ƙafa ta hana shi doguwar tafiya, sai ya wakilta mu mu biyu, da ƙanenmu, mu je gaisuwa. Da labari ya bazu, mutum bakwai daga cikin 'yan Nijar da ke salla a bayansa suka kawo saƙon kuɗi mu kai wa iyalansu a Doso da Ƙonni da Maraɗi. Masu mota suka ba mu shawara mu bar hanyar Fada Ngurma ta Burkina Faso, domin a shekarar ne hare-hare suka fara yawa a gabashin ƙasar. Sai muka bi ta gaɓar teku: Ankara babban birnin Gana, Aflao, Lome, Kwatano, daga nan muka miƙe arewa fiye da kilomita 400 zuwa Paraku. Abin da ya rage mana shi ne kimanin kilomita 300 zuwa Malanbil, mu haye gadar Kwara mu shiga Gaya.

Mun isa Paraku bayan magariba. Wani dattijo mai sayar da shayi a tasha, da ya ji Hausarmu ta Gana, ya ce mana, "Samari, ku kwana nan, da asuba ku bi babbar mota." Muka yi lissafin kwanakin da muka riga muka ci a hanya, muka ga wata ƙaramar mota saura mutum biyu ta cika, muka yi masa godiya muka shiga. Ba mu yi tafiyar awa guda ba direba ya taka wani katako mai ƙusoshi da aka gitta a kan kwalta, tayoyi biyu suka fashe, kafin mu gama salati tocila ta haske mu ta kowane gefe. Aka fito da mu aka kwantar rubda ciki a cikin ciyawa. Ba su daɗe ba, ba su kuma kashe kowa ba, sai dai direba da suka fasa wa baki da gindin bindiga. Amma sun tafi da jakunkuna, da wayoyi, da takalma, da 'yar jakar da muka ɗaura a ƙugu, wadda a cikinta muka haɗa fasfo biyu, da katin allurar shawara, da kuɗinmu, da saƙon mutum bakwai.

Muka kwana a bakin titi cikin sanyin farkon hunturu, mu tara, har da wata mata mai goyo da za ta Gaya. Da gari ya fara wayewa wata babbar motar kaya da ta fito daga arewa ta tsaya, ta kwashe mu ta mayar da mu Paraku. Waɗanda suke da dangi a garin suka watse. Muka rage mu biyu da matar nan, ba takalmi, ba ko dala, ba Faransanci a bakinmu sai 'yan kalmomin gaisuwa, ba kuma takardar da za ta nuna ko mu su wane ne. Wani bawan Allah ya miƙo mana wayarsa mu kira gida, sai muka tsaya muna kallon juna, domin a cikin lambobi fiye da ɗari biyu da ke wayoyinmu, babu ko ɗaya da muka haddace daidai.

Abin da ɗan zango ya sani idan ya rasa komai shi ne masallaci. Muka shiga wani babba kusa da kasuwa muka jira azahar. Da aka sallame, babbanmu ya miƙe, ƙafa duk ƙura, ya yi sallama ya fara bayani. Wanda bai taɓa tsayawa a wannan matsayi ba, ba zai san nauyinsa ba. Harshe ya yi nauyi, murya tana rawa, mutum yana jin maganarsa da kunnensa tana kama da ƙarya, domin kuwa kalmomin nan ne dai da muka sha ji a Kumasi: mu baƙi ne, an tare mu a hanya, ba mu san kowa ba. Mutane suka ci gaba da neman takalmansu. Wasu samari biyu a gefen ginshiƙi suka haɗa ido suka yi murmushi, ɗaya ya ce wa ɗaya da Hausa, "Kullum sai an yi musu fashi." Ba mu ji haushinsu ba, domin mun gane fuskokinsu sarai. Abin da ya taru a gabanmu bai kai kuɗin burodi uku ba.

Ladanin masallacin, wani tsoho mai ɗingishi, shi ne ya tsaya bayan kowa ya fita. Bai tambaye mu komai ba, ya ce mu biyo shi, ya kai mu unguwar Zango gidan wani liman. Muka tarar da zaure, da tabarma, da buta. Liman ya dube mu daga sama har ƙasa, ya leƙa cikin gida ya yi magana, aka shiga da matar nan da ɗanta wajen mata, mu kuwa aka kawo mana ruwan wanka da silifas da riguna biyu na 'ya'yansa, aka ajiye mana kwanon tuwo da miyar kuɓewa. Muka so mu fara bayani, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ci tukuna, 'ya'yana. Magana ba ta gudu."

Sai bayan la'asar ya zauna da mu. Tambayoyinsa na hira ne, amma mun gane akwai awo a ciki. Ya tambayi unguwarmu, ya tambayi ko daga Aboabo zuwa Asawase ana hawa mota ne ko ana takawa, ya tambayi wajen wa mahaifinmu ya yi karatu, da littafin da muka tsaya a kansa. Da magariba ta yi ya tura babbanmu gaba ya ja salla. Da aka idar ya yi dariya ya ce, "Karatun Gana ne wannan, ba shakka." Muka ce, "Allah gafarta Malam, da a ce mun kasa amsawa fa?" Ya ce, "Da kun ci tuwonku kun kwana uku kamar yadda Annabi ya yi umarni a yi wa baƙo, in sa a kai ku tasha a biya mota a hannun direba. Tambayar ta sanin irin taimakon da ya dace da ku ce."

Daga nan muka ga yadda zango yake aiki idan ya tashi aiki. Liman ya aika aka kira wani Alhaji mai fataucin albasa, wanda motocinsa suke ɗauko albasar Galmi daga Nijar, yana kuma da abokin ciniki a kasuwar albasa ta Kwadaso a Kumasi. Alhaji ya buga waya guda, abokin nasa ya tura yaro a kan babur zuwa masallacinmu, kafin isha'i muka ji muryar mahaifinmu a wayar Alhaji. Mahaifiyarmu ta karɓa ta kasa magana sai kuka. Kuɗi kuwa, da yake ba mu da katin shaida da za mu karɓi aike a banki ko a kanti, sai Alhaji ya ƙirgo mana sefa daga aljihunsa, washegari mahaifinmu ya biya abokinsa da sidi a Kumasi. Babu takardar da aka sa wa hannu, babu kuma kuɗin da ya ƙetare iyaka.

A nan ne Liman ya yi abin da ya mayar da mu zauren gidanmu da littafin Halilu. Ya ce mana, "Ku masu hali ne a garinku, ga shi kuma Allah Ya kawo mai ba ku rance, saboda haka ba ku da rabo a zakka. Amma baiwar Allah da kuka zo da ita, mijinta ya rasu, gidan iyayenta za ta koma, ba ta da wanda zai biya mata. Ita ce 'yar hanya ta sosai." Daga zakkar da wani attajiri ya damƙa masa ya biya mata mota har Gaya, uwargidansa ta haɗa mata zane biyu da garin kunu na yaro, aka haɗa ta da wata 'yar kasuwa da ta saba da jami'an iyaka, domin ta yi mata bayani a Malanbil. Abin da muka karanta a takarda muna gyangyaɗi, ga shi mun gan shi yana tafiya da ƙafafunsa.

Saura batun takardu, wanda ya fi na kuɗi wuya. Yarjejeniyar ECOWAS, wato CEDEAO, ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasa ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, amma da sharaɗin yana riƙe da takardar tafiya da katin allura. Wanda ba shi da su, ba gaba ba baya. Ɗan Liman, wanda ya yi boko da Faransanci, ya raka mu ofishin 'yan sanda ya yi mana tafinta, aka rubuta abin da ya faru, aka ba mu takardar shaidar ɓatan kaya mai hatimi. Wannan takarda ita ta zama fasfonmu a duk shingen da aka tsayar da mu har Kwatano. Allah Ya taimake mu kuma, wata yayarmu ta taɓa ɗaukar hoton shafin farko na fasfonmu lokacin da aka karɓo su, ta turo ta WhatsApp aka buga mana a takarda. Da waɗannan biyu, da hotuna ƙanana, muka je ofishin jakadancin Gana a Kwatano aka yi mana takardar komawa gida ta gaggawa, wadda ake tafiya da ita sau ɗaya. A Kwatano ma ba mu kwana a tasha ba, domin Liman ya ba mu 'yar wasiƙa da ajami zuwa ga wani maigida a unguwar Zango ta can. Gaisuwar Maraɗi a waya aka yi ta. Ranar da muka cika kwana tara da fashin muka shiga Kumasi.

A daren ƙarshe da muka yi a Paraku, Liman ya ce mana kada mu ɗauka wani abu sabo ya yi. Ya ce garin nasu yana kan tsohuwar hanyar Gwanja, wadda fatake suke bi daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Paraku da Jugu har Salaga, su kai kanwa da tufafi da fatu su komo da goro a kan jakuna, tafiyar watanni. Kalmar zango kanta sunan wurin da ayari yake sauka ne. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwarta suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo, bayan Turawan Ingila sun kama Kumasi a 1896 kuma, musamman bayan yaƙin 1900, Zangon Kumasi ya cika ya bunƙasa. A kowane zango akwai maigida, wanda yake saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso, shi kuma ya sami la'adarsa. Ashe unguwar da aka haife mu a cikinta, saukar baƙo ce ta kafa ta.

Iyayenmu kuma sun ɗanɗani zama 'yan hanya su da kansu. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana, gidaje da yawa a zango suka zama kufai, mutanen da aka haifa a Kumasi suka kama hanyar garuruwan da ba su taɓa gani ba. Kakarmu takan ba mu labarin maƙwabtan da suka bar mata makullin ɗakinsu, ba su dawo ba har ta rasu. A watan Janairun 1983 kuma gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, 'yan Gana kimanin miliyan guda suka biyo hanyar Benin da Togo, suka yi kwanaki a kan iyakoki cikin yunwa da ƙishirwa. Duk gidan da ke karanta wannan mujalla, in aka bincika, za a tarar wani nasa ya taɓa kwana a zauren wanda bai sani ba.

Ba mu manta da saƙon mutum bakwai ba, shi ne ma abin da ya hana mu barci tun daga Paraku. Mahaifinmu ya tara su a zaure ya sa muka faɗi komai a gabansu, har da maganar mai shayi. Sannan ya ce malamai sun yi bayani cewa wanda aka ba amana ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, amma 'ya'yansa an gargaɗe su kada su yi tafiyar dare suka ƙi ji, saboda haka shi a ganinsa biya ya hau kansu. Mutum huɗu suka ce sun yafe duniya da lahira. Uku ba su da halin yafewa, domin kuɗin abincin iyalansu ne, muka biya su kaɗan-kaɗan cikin shekara guda. Ba mu taɓa jin zafin hukuncin ba, domin gaskiya ne.

Daga abin da ya same mu, ga 'yar nasiha ga mai shirin tafiya. Ya haddace lambar waya biyu ko uku ta gida kamar yadda ya haddace Fatiha, ya kuma rubuta su a 'yar takarda ya sa a aljihun da ba na waya ba. Ya ɗauki hoton fasfonsa da katinsa na ɗan ƙasa da katin allura ya bar wa na gida. Kada ya haɗa takardu da kuɗi a jaka guda. Saƙon kuɗin mutane kuwa, yanzu da ake aikawa ta waya da ta hannun 'yan kasuwa, babu dalilin ɗaura shi a ƙugu a ratsa ƙasa uku da shi. Idan mutanen gari suka ce a kwana, a kwana. Idan ƙaddara ta faɗa, kada a yi gardama da mai bindiga, dukiya ana mayar da ita. Bayan haka a fara da ofishin 'yan sanda a karɓi takarda, a nemi liman ko sarkin zango, sannan ofishin jakadanci. A kuma yi tambaya kafin a tashi, domin hanyoyi suna canzawa: bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe gadar Malanbil da Gaya har mutane suka koma ƙetare Kwara da kwale-kwale, a ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS.

Nasiha ta biyu ta masu gida ce, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Gaskiya ne akwai masu ƙarya, mun ga ɗaya da idonmu a Tafo. Amma maganin maƙaryaci tsari ne, kuma tsarin yana nan tun zamanin fatake. A ciyar da baƙo a ba shi wurin kwana kafin a tambaye shi, domin kwanon tuwo ba ya talauta gida ko da mai cinsa maƙaryaci ne. A tambaye shi cikin mutunci, a keɓe, ba a gaban jama'a ba. A buga waya garinsu, tunda yau babu zangon da ba a iya samun limaminsa ko sarkinsa cikin awa guda. Idan za a biya masa mota, a raka shi tasha a biya a hannun mai mota. Mai hali a garinsu a nemo masa rance, marar hali a ba shi hakkinsa na zakka ba tare da gori ba. Idan mace ce, a shigar da ita wajen mata, a haɗa ta da amintacciyar abokiyar tafiya. Muna roƙon kwamitocin masallatanmu da wannan ƙungiya mai albarka su ware wani kaso na zakka da sadakar Juma'a da sunan ɗan hanya, su kuma tattara lambobin limamai da sarakunan zango na garuruwan da mutanenmu suke bi, daga Kumasi har Yamai da Kano, a ajiye a kowane masallaci.

Iyaye mata kuma, ku ne kuke riƙe da rabin wannan aiki. Ba mu san sunan uwargidan Liman ta Paraku ba, ba mu ko ga fuskarta ba, amma tuwonta ne ya fara mayar mana da hankalinmu. Yara suna kallon abin da ake yi da baƙo a gidansu, suna kuma jin abin da ake faɗa bayan ya fita.

Yanzu shekaru sun ja, ƙafar mahaifinmu ta ƙara nauyi, sau da yawa mu ne muke shimfiɗa rawanin a bakin ƙofa. Watannin baya wani saurayi ya miƙe bayan isha'i ya ce daga Kandi yake, an sace masa jaka a mota. Muka hangi yara biyu na makarantarmu sun haɗa ido. Bayan an kai baƙon zaure muka kira su, muka ba ɗaya buta ya kai masa ruwa, ɗaya kuma ya ɗauko kwanon da ke ƙarƙashin faifai, muka ce idan ya gama ci su zo mu ba su labarin Paraku.

Allah Ya saka wa Limamin nan da iyalinsa, da ladani, da Alhaji mai albasa, da mai shayin da muka ƙi jin maganarsa, da mafificin alheri. Allah Ya tsare matafiyanmu a duk inda suke, Ya mayar da su gida lafiya, Ya shiryi masu tare hanya, Ya sa ƙofofinmu su zama a buɗe. Amin.